Hannun Hafizu

Ku samari, duk Juma'a in kun taso daga masallaci kuka biyo ta nan shan shayi, sai na ji ɗayanku yana cewa, "Ai Baffa Sadisu ya huta, aikinsa matsa hannun makaɗa a ɗaki mai sanyi." Ina jin ku sarai, kunnena ƙalau yake. Wancan mai tabaran har cewa ya yi in karatun likita ya gagare shi zai dawo wurina ya koyi tausa kafin hutu ya ƙare. To gyara zama, ɗan nan, yau za ka ji abin da tausar ta ƙunsa.

Ni ɗan gidan ɗori ne. A Kano na taso ina riƙe wa mahaifina kara da tsumma yana ɗora karaya, yana gyara targaɗe. Da na yi boko sai na karanci gashin ƙashi, na sami gurbin ƙaro karatu, na zo nan birnin Guangzhou na ƙasar Sin da niyyar in yi 'yan shekaru in koma. Ga furfura nan ta same ni a nan. Abin da ya riƙe ni kuwa wata tsohuwa ce, Madam Liang, mai wani ɗan ƙaramin asibiti a bayan makarantar koyon kiɗa. Ranar da na fara shiga na tarar da fiyano, babban abin kiɗan nan na Turawa mai maɓallai, a tsakiyar ɗakin duba marasa lafiya, na ɗauka ado ne. Har na ɗora jakata a kansa. Irin kallon da ta yi min, wallahi ban san lokacin da na sauke ta ba.

Ita kanta makaɗiyar fiyano ce a da, irin masu kaɗa dogayen kiɗe-kiɗen Turawa na dauri a manyan zauruka. Tana tsakiyar tashenta yatsanta ɗaya ya fara lanƙwashewa da kansa duk lokacin da ta ɗora hannu a kan maɓallai. In za ta ci abinci ko ta yi rubutu lafiya lau, fiyano kaɗai yake ƙi. Haka ta haƙura da kiɗa ta koma makaranta ta koyi gyaran hannun wasu. Ni kuma na je mata da hannuna yana ƙaiƙayi, ina ji da kaina, ɗan mai ɗori ga takardar shaida. Sai ta ce in zuba hannuwana a aljihu. Damina guda ta wuce ban taɓa kowa ba, ina tsaye a lungu kamar mai gadi, ina kallon mutane suna kaɗa fiyano. In na yi ƙorafi ta ce, "Inda yake ciwo daban, inda aka jawo ciwon daban. Nemo min na biyun." Shi ne aikin, kuma har yau shi nake yi.

Wata yarinya ce ta fara buɗe min ido, 'yar firamare, uwarta ta kawo ta da ciwon wuyan hannu. Uwar ta matsa sai an yi allura domin gasa ta ƙarato. Madam ta ce yarinyar ta zauna ta kaɗa, ta juyo ta ce min, "Me ka gani?" Na ce yatsunta sun yi ƙanana. Ta ce, "Dubi ƙasa." Ashe ƙafafun yarinyar lilo suke yi, ba su kai ƙasa ba. Wanda ba shi da abin takawa dole ya nemi abin riƙewa, ita kuma maɓallan take riƙewa, kafaɗa a ɗage har kunne, wuyan hannu a lanƙwashe. Aka kawo wani ɗan akwatin katako aka sa mata a ƙarƙashin ƙafa, aka ɗaga kujera. Uwar ta fita tana fushi, wai ta biyo jirgin ƙasa tun daga wancan gefen gari an ba ta akwati. Bayan wata guda ta dawo da lemo cike da leda.

Kayan aikin namu ba su da wani kwarjini. Ga wancan fiyanon da ya girme ku, ga madubi dogo a gefensa don mutum ya ga kafaɗarsa da idonsa, domin in ka ce masa ya ɗage ta zai rantse bai ɗage ba. Kujerar nan mai murɗi ta fi komai aiki a ɗakin nan. Akwai roba ta ƙanƙara da ta ruwan ɗumi, da zaren roba na motsa yatsu, da wani abu mai danƙo kamar ƙullun fulawa da ake matsawa don ƙarfafa tafin hannu. Yanzu kuma waya ta zo, in ɗauki mutum yana kiɗa in rage gudun hoton, mu kalla tare. Tausar da kuke yi min dariya a kanta ita ce ƙaramar aba a ciki. In na ga abin ya wuce ni, yatsa ya fara shanyewa ko naman tafin hannu ya fara zubewa, ba na jan magana, babban asibiti nake tura mutum a yi masa hoto.

Maganin da ya fi ɗaci shi ne hutu. Ka ce wa makaɗin fiyano ya ajiye kiɗa, kamar ka ce wa ɗan kasuwar Kwari ya rufe shago ana jibi Sallah ne. Zai ce maka to, ya koma gida ya ci gaba. Su mutane ne da aka saba musu tun suna yara cewa in ya yi zafi a ƙara ƙoƙari. Ni kuma kullum wa'azina ɗaya: a ɗumama hannu kafin a fara, a riƙa tashi ana miƙewa, wurin da ya yi wuya a kaɗa shi a hankali maimakon a yi ta dukansa, nauyin kuma ya taho daga kafaɗa ya sauka, kada a bar wa 'yan yatsu su kaɗai. In jijiya ta riga ta kumbura, to komawar ma sai da lallashi. Kaɗan yau, a tsaya tun ciwo bai zo ba, gobe a ƙara kaɗan. Madam takan ce musu "man man lai", wato a bi a sannu, har ta gaji da faɗa ta sa aka rubuta a bango.

Shekarar annobar korona ita ce shekarar da ba na son tunawa. Sana'armu ta taɓa jiki ce, ga shi an wayi gari kowa yana gudun kowa, balle kuma baƙar fata a garin nan a wancan lokacin, waɗanda suke nan sun san irin ƙyamar da muka sha. Asibitin ya zauna a rufe. Madam ta kwanta ciwon tsufa, ɗanta ya ɗauke ta ya kai ta ƙauyensu, ya bar min makulli da wani likita matashi da sunansa ke kan lasisi. Da aka buɗe kuma sai ga marasa lafiya kamar an yi ɓarinsu. Yara sun zauna a gida ba makaranta ba wasa, sai kiɗa daga safe har yamma a kan kujerar cin abinci, malami yana cikin waya ba ya ganin komai sai yatsu.

Cikinsu ne Hafizu ya shigo. Dogon saurayi, bai kai ashirin ba, ya yi min sallama da Hausa har na waiga ina neman mai maganar. Ɗan Alhaji Mamuda ne, wani Bakano mai sito a unguwar Sanyuanli da ya daɗe yana aika tufafi gida, uwar kuma 'yar garin nan ce da ta musulunta. Ita ta sa shi a fiyano tun yana ƙarami, Allah kuma ya ba shi. Yana shirin jarrabawar shiga babbar makarantar kiɗa, irin wadda za ka zauna gaban malamai ka kaɗa tun daga farko har ƙarshe, in ka tsaya a tsakiya shi ke nan. An riga an ɗage masa sau ɗaya saboda annoba, malaminsa kuma ya ce in wannan ta wuce shi zai yi wuya a sake ba shi dama. Ga shi gindin babban yatsansa na dama ya kumbura, ko kofin shayi ya ɗauka sai ya ciji leɓe.

Na ce ya zauna ya kaɗa. Kai, jama'a! Na daɗe ban ga zama mai kyau irin nasa ba. Kafaɗa a sake, gwiwar hannu daidai, wuyan hannu yana tafiya kamar ba ƙashi a ciki. Na ɗauka a waya, na rage gudu, na kalla har idona ya yi ruwa, ban ga laifi ba. Na ce to yawan kiɗa ne. Na ɗaure masa yatsan da abin tallafi, na sa shi ƙanƙara, na hana shi fiyano gaba ɗaya. In ya zo ranar Alhamis sai in ga kumburin ya sauka, in yi hamdala. Ranar Litinin ya dawo kamar ba a taɓa yin komai ba.

Na tsare shi na ce, "Hafizu, tsakaninka da Allah, kana satar kiɗa?"

Ya ce, "Wallahi Baffa ko murfin ban ɗaga ba. Mama ce ma ta riƙe makullin."

"Wasan waya fa? Ɗaga ƙarfe? Keke?"

"Babu ko ɗaya."

Na yarda da shi, domin yaron ba ya kama da maƙaryaci. Amma lokaci yana tafiya, hannu ya ƙi. Na kira Madam a waya na zayyana mata komai. Muryarta ta yi rauni, amma bakin yana nan. Ta ce, "Ka ga yadda yake kiɗa. Ka ga yadda yake yini?"

Wata Asabar na shiga Sanyuanli neman yadin da matar ƙanena ta dame ni a kansa. Duk shagon da na nuna hoton sai a ce min "meyo", babu. Na gaji na ce bari in leƙa siton Alhaji Mamuda mu gaisa. Kun san yadda kasuwa ta koma a lokacin. 'Yan kasuwarmu na Kano ba sa iya shigowa, sai dai su turo saƙo ta waya, wanda yake nan shi zai je kasuwar Shahe ya sayo, ya tattara, ya ɗaure, ya kai kwantena tashar jiragen ruwa ta Nansha. Aikin mutum goma ya dawo kan mutum ɗaya, yaran da suke taya Alhaji kuma duk sun koma gida, takardunsu sun ƙare. Ina shiga na hango mutum a durƙushe kan dila, ya sa gwiwa ya danne, yana jan igiya da ƙarfinsa yana naɗe ta a babban yatsa. Gefensa ga na'urar salatif, wadda ake ja ana lanƙwasa wuyan hannu a kowane kwali, ga kwalaye an jera har rufi. Ashe Hafizu ne, abin tallafin da na ɗaura masa yana ajiye a kan taga, an ninke shi tsaf. Da muka haɗa ido sai ya sunkuyar da kai.

Ranar Litinin na ce, "Don me ba ka gaya min ba?"

Ya ce, "Baffa, ka tambaye ni abin da nake yi ne. Wannan ai ba wani abu ba ne, taya Baba aiki ne."

"Shi Alhajin ya san hannunka yana ciwo?"

Ya ce, "Ta yaya zan gaya masa? Mu ba ma irin wannan maganar."

Nan na gane inda aka jawo ciwon. Hafizu ɗan fari ne, Alhaji kuma mutumin da ne, alkunya yake yi masa irin ta iyayenmu. Shekara da shekaru a ƙasar Sin ba su rage masa komai ba. Bai taɓa kiran sunansa ba, sai "yaron nan". Ba ya zama da shi, ba ya tambayar lafiyarsa a gaban mutane, in zai ba shi saƙo sai ya faɗa wa bango yaron ya ɗauka. Uwar ta sha kuka a kan haka a farkon aure, tana zaton ƙin ɗan yake yi. Ga kuma maganar kiɗa, wadda a wurin Alhaji sana'ar maroƙa ce, bai hana ba amma bai taɓa zama ya saurara ba. To yaron da ya taso a haka, ya ga mahaifinsa da furfura yana fama da dila shi kaɗai, da wane baki zai ce ba zai iya ba saboda yana tattalin yatsan kiɗa? Tausayinsa ya kama ni ƙwarai.

Bayan sallar Juma'a na ja Alhaji gefe. Ban yi masa dogon Turanci ba. Na kama babban yatsana na nuna masa inda jijiyoyi biyu suke bi ta wata 'yar hanya matsattsiya, na ce in aka yi ta jan igiya suna gogawa har su kumbura, in aka ci gaba kuma abin yakan kai ga aiki a asibiti. Na ce, "Alhaji, ko dila ko jarrabawa, hannun nan ba zai ɗauki biyun ba."

Ya daɗe yana jan carbi yana kallon masu sayar da gurasa a bakin titi. Sannan ya ce, "Malam Sadisu, mu a gidanmu ba a gaji kiɗa ba."

Na ce, "Na sani, Alhaji. Ni hannu na zo yi wa magana."

Ya ce, "To, na ji." Ya sa takalmi ya tafi. Na dawo ina cewa a raina na ɓata goma ban gyara ɗaya ba.

Washegari da hantsi Hafizu ya faɗo min ido jawur. Wai yana isa sito Baba ya dubi wani ɗan Nijar mai shago kusa da su ya ce, "Gaya wa yaron nan kada in sake ganin ƙafarsa a nan. Bai iya ɗauri ba, ɓata min kaya yake yi." A gaban mutane. Ya ce, "Baffa, me ka ce masa? Shekara nawa ina ɗaure masa kaya, yau ne ban iya ba?" Na zaunar da shi na ba shi ruwa. Ina da abin da nake zato, amma ba hurumina ba ne in fassara uba ga ɗansa. Na ce, "An kore ka, to ka koru. Kawo hannun."

Daga nan ne aikin ya fara ci. Kumburi ya sauka ya zauna a sauke. Muka shiga motsa yatsan a ruwan ɗumi, sannan zaren roba mafi laushi, sannan mai ɗan tauri. Na koya masa yadda zai bi naman hannunsa da yatsa tun daga gwiwar hannu yana sassauta shi, ba tare da ya danne wurin ciwon ba, har ya iya kamar ni. Ranar da na ce ya ɗaga murfin fiyano sai ya ja kujera ya zauna. Na ba shi kiɗan yara, da hannun hagu tukuna, na daman yana kan cinya. Ya dube ni kamar na zage shi. Da na daman ya shiga sai a hankali, can ƙasa-ƙasa, in na ga girarsa ta motsa in rufe murfin ko yana tsakiyar layi. Mun yi faɗa ba sau ɗaya ba. Akwai ranar da ya zarce a gida ciwon ya leƙo, ya zo yana cewa shi ke nan ya haƙura, na ce ba ka isa ba, muka koma baya muka sake tahowa. Malaminsa ya yi mana kirki ya canja masa kiɗa ɗaya mai yawan buɗe hannu da wani. Duk tsawon lokacin nan shi da mahaifinsa sai gaisuwar safe, ita ma a tsaitsaye.

Ranar jarrabawar ina nan ina goge madubi, hankalina yana can, sai na ji sallama. Alhaji Mamuda ne, wanda bai taɓa tako ƙofar nan ba, hannun dama a cikin aljihun riga. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, ya yaba sanyin ɗakin. Sai da ya gama kewaye-kewayensa sannan ya zaro hannun ya ɗora a tebur. Inna lillahi! Gindin yatsan ya yi suntum, igiya ta yanka fatar ta warke ta sake yankawa. Ashe tun ranar da ya kori yaron bai sami mai taya shi ba, shi kaɗai yake ɗaure kayan mutane.

Na ce, "Haba Alhaji! Tun yaushe?"

Ya ce, "Kwali ne ya faɗo min. Ka ɗan duba, kuma ba sai an ji a gida ba."

Na kawo ƙanƙara na naɗe a tawul na ɗora masa. Muna zaune haka aka turo ƙofa da ƙarfi. Hafizu ne da baƙar kwat ɗinsa ta jarrabawa, yana haki, ya buɗe baki zai yi min magana sai ya ga wanda ke zaune. Ya dubi mahaifinsa, ya dubi hannun. Shi da ya yi wata da watanni da irin wannan kumburin ba ya bukatar a gaya masa ko kwali ne ko igiya. Alhaji ya yi sauri zai mai da hannun aljihu, yaron ya riga shi. Ya durƙusa a gabansa da kwat ɗin da komai, ya ɗauke tawul ɗin, ya tallafi hannun, ya fara bi da yatsa tun daga gwiwar hannu yadda na koya masa. Hawaye yana zuba a kan hannun rigar uban.

Alhaji ya kafa wa bango ido. Can ya yi gyaran murya ya ce, "Malam Sadisu, tambaye shi, nasa hannun ya yi masa ciwo a can?"

Ban tambaya ba, domin Hafizu ya riga ya amsa. "A'a Baba. Na kai har ƙarshe, bai yi ba."

Alhaji ya ce, "To, madalla." Bai juyo ba, amma bai janye hannun ba.